Me ya sa CH4I ba daidai ba ne? Bayanin iodo a sunayen sinadarai

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan tambaya ɗaya ce ke ta yawo tsakanin ɗaliban kemistiri, wai don me idan mutum ya rubuta iodomethane a matsayin CH4I sai malami ya ja masa jan biro, alhali methane CH4 ne, iodo kuma aidin ne, ai haɗawa kawai za a yi? To a wannan haɗawar ake faɗuwa.

Bari mu wuce na sauƙin da sauri. Aidin yana cikin teburin sinadarai (periodic table), alamarsa I, lambarsa 53, gidansu ɗaya da fluorine da chlorine da bromine. Wani Bafaranshe Bernard Courtois ne ya gano shi a 1811 cikin tokar ciyawar teku, shi ne wanda hayaƙinsa yake tashi da ruwan shuni. Idan ɗaya daga cikin 'yan gidan nan huɗu ya shigo farkon suna sai ya koma fluoro, chloro, bromo, iodo. Shi ke nan.

Yanzu ku tsaya da ni a nan. Kabon hannu huɗu gare shi, ba ya da na biyar. A methane duk hannuwan nan huɗu suna riƙe da haidirojin, babu wanda yake sake, to ina aidin zai kama? Dole haidirojin ɗaya ya sauka tukuna. Da ya fita, sai aidin ya shiga gurbinsa. Abin da iodo yake gaya maka ke nan, an cire haidirojin ɗaya an sa aidin ɗaya a wurin. Saboda haka iodomethane CH3I ne, ku ƙirga, uku da ɗaya huɗu, hannuwa sun cika.

Ko da lissafin nauyi za ka iya kama kanka. Methane 16 ne, ka cire 1 na haidirojin, ka ƙara 127 na aidin, ka samu 142, kuma nauyin iodomethane ke nan. In ka ga 143 a takardarka to ka manta ba ka sauke kowa ba. Kuma musayar nan ba ƙaramin abu ba ce fa, methane iskar gas ce, amma da aidin ɗaya ya shiga sai ta koma ruwa mai tafasa a wajen digiri 42 na Celsius, ruwa ne mai guba da ba a wasa da shi ko a ɗakin gwaji.

Mu ci gaba da musayar. Aidin biyu, haidirojin biyu sun sauka, diiodomethane, CH2I2. Uku, triiodomethane, CHI3, shi ne wannan garin rawaya da ake kira iodoform, wanda a da ake zubawa a kan rauni. Ni dai a ganina duk wanda ya zana waɗannan ukun da hannunsa sau ɗaya ba zai sake rubuta CH4I ba, haddar suna ba tare da zane ba ita ke cutar da ɗalibai wallahi.

Sauran dokokin na IUPAC, ƙungiyar da ke tsara sunayen sinadarai a duniya, ga su a gurguje. Idan sarƙar kabon ta yi tsawo sai a sa lamba, 1-iodopropane aidin yana bakin sarƙa, 2-iodopropane yana tsakiya, kuma daga ɓangaren da zai ba da ƙaramar lamba ake fara ƙirge. In akwai wasu tare da shi a bi jerin haruffa, bromo kafin iodo, iodo kafin methyl, su di da tri ba a kallonsu wajen jerin.

Sai iodide, wanda yake zuwa a ƙarshen suna. A potassium iodide, KI, aidin ɗin ya karɓi ilektiron ɗaya ne yana ɗauke da caji, babu kabon a maganar ma. Iodate kuma da oksijin uku yake tafe, irin wanda ake sawa a gishiri saboda maƙoƙo. Amma kar methyl iodide ya rikita ku, tsohon salon suna ne na iodomethane ɗin dai, CH3I, abu ɗaya suna biyu.

Wani abu kuma don Allah ku kula da shi a waya, babban I da ƙaramin l kama suke yi sosai a wasu rubutun, CI4 kabon ne da aidin huɗu, ba chlorine a ciki. Ku buɗe ido kafin ku kwafa.

Ga aiki nan: ethane C2H6 ne, ku zana iodoethane, ku ƙirga haidirojin nawa suka rage ku rubuto min a ƙasa.