Amsoshin Tambayoyinku: Katun na da ko na yau, wanne ya fi inganci?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk sun taru a kan abu guda, wato katun, finafinan zane mai motsi da yaranmu ke kallo a talabijin da wayoyin iyayensu. Na zaɓi huɗu. Waɗanda ban karanta tasu ba su yi mini uzuri, ina sa ran za su tsinci amsarsu a cikin ta 'yan'uwansu.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Zariya, uwar 'ya'ya biyar. Ta ce: "Mu da muka tashi muna kallon mage da ɓera suna tsere, har yau in na gani sai na yi dariya. Na yaran yanzu kuwa ihu ne kawai da launi mai kashe ido. Da gaske na da ya fi kyau, ko tsufa ne ya fara kama ni?"

Hajiya, ba tsufa ba ne, idonki bai ruɗe ki ba. Wannan mage da ɓeran, wato Tom and Jerry, mutum biyu ne suka ƙirƙiro su a Amurka a 1940, William Hanna da Joseph Barbera, a kamfanin MGM. Don gidan silima aka yi su, ba don akwatin talabijin ba, kuma da hannu ake zana kowane motsi. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ki lissafa, fim na minti 7 ya haura hoto 10,000. Ko da an bar kowane zane ya tsaya sau biyu don rage wahala, kamar yadda masu sana'ar kan yi, zanen da ake bukata ya wuce 5,000. Shi ya sa in magen ya taka tsintsiya ta doke shi, za ki ga sai da ya waro ido, jikinsa ya sandare, sannan ya zube a hankali. Wani mutum ne ya zauna ya yi tunanin wannan ɗan jinkirin, ya san a nan dariyar take. Kiɗan ma makaɗa ne suka taru suka buga shi daidai da kowane taku. Babu magana sosai a ciki, shi ya sa ɗan Zariya da ɗan Tokiyo duk suke fahimta. Sau 7 suka ci kyautar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka.

Amma Hajiya, kada mu yi wa zamanin da ado fiye da kima. Su waɗannan mutum biyun, da MGM ya rufe sashen zanensa a 1957, sai suka koma yi wa talabijin aiki, inda kuɗi kaɗan ne kuma ana son shiri duk mako. A nan suka ɗauki dabarun rage zane. In kin lura da dabbobinsu na wancan lokaci, da yawa suna sanye da kwala a wuya. Ba gayu ba ne. An sa kwalar ne don a raba kai da gangar jiki, a zana jikin sau ɗaya a bar shi a tsaye, a dinga canza kai da baki kawai. In dabbar tana gudu kuma, za ki ga tana wuce taga ɗaya da kujera ɗaya, ta sake wuce su, ta kuma wuce su. Kin ga aikin gaggawa tsohon abu ne. Abin da ya faru shi ne shekaru sun tankaɗe na da, tsaki ya zube, garin ya iso gare mu. Na yau kuwa ba a tankaɗe shi ba tukuna, a haɗe yake zuwa da dusa da tsakuwa, kuma kai tsaye yake shiga hannun yaro ta waya. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsa, zan zo kan ɗaya a ƙarshe. Sauyawa daga hannu zuwa kwamfuta, wanda ya kankama da fim ɗin Toy Story a 1995, bai kashe sana'ar ba. Wanda ya iya ba da labari ya iya, ko da alƙalami ko da na'ura.

Tambaya ta biyu gajera ce, daga wani magidanci a Maraɗi: "In dai zane ne, ai na yara ne ko? Ni in na ga katun ne sai in bar su in fita."

Malam, a'a, don Allah ka daina. Zane hanya ce ta yin fim, ba alamar shekarun mai kallo ba. Akwai shirye-shirye irin su South Park, da aka fara nunawa a Amurka a 1997, waɗanda don manya aka yi su, cike da ashar da batsa. A Amurka ana sa wa finafinai haruffa: G na kowa da kowa, PG sai da ja-gorar iyaye, PG-13 a yi hattara da wanda bai kai shekara 13 ba, R kuwa na manya. Ko fim ɗin zane na tarihin Sayyidina Bilal da wani kamfani ya yi a Dubai, PG-13 aka ba shi saboda yaƙi da azabtarwar da ke ciki. Labari ne mai daraja, amma ɗan shekara 4 zai iya kwana yana firgita. YouTube kuma ya fi wannan haɗari. A 2017 an yi babban ce-ce-ku-ce a duniya da aka gano dubban bidiyo da ke amfani da fuskokin katun da yara suka sani ana nuna ƙazanta da su, har sai da kamfanin ya goge masu yawa. Ka kalli minti 10 na farko tare da su kafin ka fita, kuma ka kashe wannan maɓallin da ke kawo bidiyo na gaba da kansa.

Sai wasiƙa ta uku, wadda ta fi taɓa ni. Wata malamar makarantar firamare ce daga Jos. Ta ce ɗanta mai shekara 4 yana iya yin awa biyu a kan waƙoƙin katun na waya bai motsa ba, amma in ta buɗe littafi ba ya minti biyu a zaune. Tana tambaya ko katun ɗin ne ke jawo haka, kuma ta yaya uwa za ta bambance mai kyau da marar kyau tun da duk suna cewa suna koyar da ABCD.

Malama, na ga irin wannan a gidana. Ƙaramar 'yata tana shekara 5 lokacin. Na shigo da la'asar na tarar da ita a kan tabarma, waya daf da hancinta, baki buɗe, shinkafarta ta huce a kwano har ƙuda ya fara zagayawa. Na kira sunanta sau uku. Da na karɓi wayar na ce ta ba ni labarin abin da ta kalla, sai ta dube ni ta ce, "Baba, mota ce ja, sai kuma shuɗiya." Ke nan abin da awa guda ta bar mata. Bayan 'yan kwanaki muka kalli wani fim tare, na wata yarinya da iyayenta suka ɓace mata, da ya ƙare ta hana ni sakat da tambaya: me ya sa ba ta yi kuka ba, wa zai ba ta abinci, in ni na ɓace ita ma haka za ta neme ni? Tun daga ranar na samu ma'aunina. In yaro ya gama kallo ya iya ba ki labarin daga farko zuwa ƙarshe, ko ya zo da tambaya, an ba shi wani abu. In bai riƙe komai ba sai kukan a mayar masa da waya, to riƙe shi kawai aka yi.

Akwai binciken da ya taɓo batun. A 2011 wata masaniya a Jami'ar Virginia, Angeline Lillard, ta raba yara 60 'yan shekara 4 gida uku. Wasu suka kalli katun mai saurin canza hoto na minti 9, wasu suka kalli mai tafiya a natse, wasu kuma aka ba su takarda su yi zane. Da aka gwada su nan take a kan haƙuri da bin umarni da warware matsala, rukunin katun mai sauri ne suka fi kasawa. Abin da aka auna tasiri ne na ɗan lokaci bayan kallo, don haka kada ki ɗauka ƙwaƙwalwar ɗanki ta lalace. Amma ke malama ce, kin san yaron da ya saba hoto yana canza masa duk bayan daƙiƙa biyu zai ga shafin littafi kamar bango. Ki gwada da kanki: ki kunna abin da yake kallo ki fara ƙirga ɗaya, biyu, uku duk sanda hoton ya yanke ya koma wani. In kin kasa kaiwa uku kafin ya canza, ya yi masa sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini. Na san da wuya, musamman ga uwar da ke girki ga wanki ga goyo, wayar ce kaɗai ke ba ta sarari. Ba na ganin laifinki. A rage a hankali, kuma a zaɓa masa.

Ta ƙarshe daga wani matashi ce a Damagaram, ya ce yana koyon zane a kwamfuta. Tambayarsa: "Me ya sa katun na Hausa da muke gani a intanet ba sa kama ƙafar na waje? Rashin kuɗi ne? Kuma mu za mu iya kuwa?"

Ƙanena, kai da ke Nijar ai gida ka zo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka ta Yamma ɗan ƙasarku ne, marigayi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, ya daɗe yana aiki a Tawa, ya rasu a 2015. Tun yana saurayi yake yanka kwali yana haska fitila a bayansa, inuwa tana motsi a bango jama'a na kallo. A 1966 ya yi ɗan gajeren fim mai suna Bon Voyage Sim, na shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, ana ta fareti da jawabai. Zanen layi ne kawai, babu launi, amma har yau ana nuna shi a bukukuwan finafinai, domin mutumin ya lura da yadda masu mulki ke tafiya da yadda suke ɗaga hannu, ya sa wa kwaɗo. A Abuja kuma Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino a 2010, yara biyu 'yan Najeriya masu kama da yaranmu, suna cin abincinmu.

Kuɗi yana da muhimmanci, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma a watan Maris na 2025 kyautar Oscar ta fim ɗin zane ta tafi Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. Fim ɗin sunansa Flow, Gints Zilbalodis ya ja ragamarsa, sun yi sama da shekara 5 suna aikinsa da Blender, manhajar da kai ma za ka sauke kyauta yau ɗin nan, kuma ya kayar da na kamfanin Pixar da aka kashe wa kusan dala miliyan 200. Labarin mage ne da ambaliya ta raba da gida, ta shiga kwale-kwale da kare da wasu dabbobi. Ba a furta kalma ko ɗaya a ciki. Mun kalle shi a tsakar gida, mahaifiyata da ba ta taɓa zama don katun ba ta jawo kujera, jikarta na yi mata bayani, "Kaka, tsoron ruwa take ji." Da magen ta faɗa ruwa, tsohuwar nan salati ta yi.

Abin da ke damuna da yawancin namu na intanet ba rashin ƙyalli ba ne. Mutum-mutumin a sandare suke, baki na motsi dabam murya na tafiya dabam, an ɗauki sautin a ɗaki mai amsa kuwwa, fuskokin kuma an ɗebo su ne daga manhaja aka ɗora musu hula. Labarin ya fi ciwo: faɗan kishiyoyi, yaudarar samari, rikicin mai gida da uwargida, an zuba su a zanen da yara ne za su buɗe. Alhali muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da kura da ba ta taɓa koyon darasi, muna da Botorami, muna da "ga ta nan ga ta nanku" da kowane yaro ya san amsarta. Gizo shi kaɗai ya ishi mai zane aikin shekaru, da tsamin bakinsa da haɗamarsa da yadda wayonsa ke komawa kansa.

Kada ka fara da dogon fim. Ka je wurin tsohuwar da ta fi iya tatsuniya a unguwarku, ka ɗauki muryarta a ɗaki mai labule da katifa don kada sauti ya yi kuwwa, ka zaɓi tatsuniya ɗaya ta minti 3. Ka fara zana ta a takarda, hoto bayan hoto, kafin ka taɓa kwamfuta. Kafin ka motsa Gizo, ka zauna ka kalli gizo-gizo na gaske a lungun ɗaki, yadda yake tsayawa cak sannan ya zabura. In ka gama, ka tara yaran layinku goma ka kunna musu, kai kuma ka zauna a gabansu kana kallon fuskokinsu, ba allon ba. Duk inda ka ga sun fara waige-waige, ka rubuta daƙiƙar, nan ne za ka koma ka gyara. In ka kammala ka aiko mana, ina so in gani.

Lokaci ya cim mana. Mai sauraron da ya yi tambaya daga Kumasi a kan fassara katun zuwa Hausa, wasiƙarka ce za mu buɗe da ita mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.