Yadda Ake Gina Tambayar Kacici-kacici a Talabijin

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba da daddare, a lokacin da ake nuna gasar kacici-kacici a talabijin, ya san yadda wuri yake yin tsit idan mai gabatarwa ya fara karanto tambaya, sannan ya kaure da musu tun kafin ɗan takara ya buɗe baki. A irin wannan zama ne aka taɓa jefo tambayar ko hotunan su wane ne a jikin takardar naira dubu. Wani matashi ya yi caraf ya ce, "Baba, ai Sardauna ne da Tafawa Ɓalewa." Dattijon da ke gefensa ya ajiye kofin shayinsa, ya zaro takardar daga aljihun gaban riga, ya miƙa masa ya ce, "Yaro, karanta da kanka." Sunayen da ke rubuce a ƙarƙashin hotunan su ne Aliyu Mai-Bornu, ɗan Najeriya na farko da ya zama gwamnan Babban Banki, da Clement Isong wanda ya gaje shi a 1967. Sardauna yana kan naira 200, Tafawa Ɓalewa kuma yana kan naira 5. Matashin ya riƙe wannan takarda sau ba adadi, amma bai taɓa tsayawa ya dubi sunayen ba, kuma a wannan giɓi da ke tsakanin gani da lura ne masu tsara tambayoyi suke samun abin aikinsu.

Bahaushe ba baƙon kacici-kacici ba ne. Tun muna yara ake cewa "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," mu amsa da tsintsiya, wanda ya gaza kuma a ce ya ba da gari. Sai dai na dandali kaifin tunani yake gwadawa, na talabijin kuwa sanin tabbataccen abu yake nema, wato shekara ko suna ko wuri ko adadi. Kuma da yake kuɗi ne a gaba, ba garin wasa ba, kuskuren kalma ɗaya a cikin tambaya yana iya raba mutum da abin da ya cancanta.

Tsarin da aka fi sani a ƙasar nan shi ne na shirin Who Wants to Be a Millionaire, wanda aka fara a Ingila a 1998, ya iso Najeriya a 2004 tare da Frank Edoho a matsayin mai gabatarwa. Tambayoyi 15 ake jerawa kamar matakalar tsani, kowace da zaɓi huɗu, kuɗi yana ƙaruwa, wuya tana ƙaruwa, kuma akwai matakan da idan mutum ya wuce su, abin da ya tara zuwa nan ba zai zube ba ko da ya faɗi a gaba. A 2009 Aroma Ufodike ya haye har ƙarshen tsanin ya karɓi naira miliyan 10. Mai tunanin cewa sa'a kaɗai za ta kai shi can ya yi wannan lissafi: cankar tambaya ɗaya dama ce ɗaya cikin huɗu, cankar 15 a jere kuwa dama ce ɗaya cikin fiye da biliyan ɗaya.

Sharaɗin farko na tambaya mai kyau shi ne ta kasance da amsa ɗaya tak, kuma nan ne aikin ya fi wuya, domin tarihi ba kasafai yake zuwa a miƙe ba. A ɗauki tambayar da ke cewa, "Wane ne shugaban Najeriya na farko?" Da jin ta kamar mai sauƙi ce, amma ƙofa uku gare ta. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Firayim Minista mai riƙe da gwamnati lokacin da aka samu 'yanci a 1960, a filin sukuwar da yanzu yake ɗauke da sunansa a nan Legas. Nnamdi Azikiwe shi ne ya fara amsa sunan shugaban ƙasa a 1963 da aka zama jamhuriya, amma ikon zartarwa ba a hannunsa yake ba. Shehu Shagari kuwa shi ne zaɓaɓɓen shugaba na farko mai cikakken iko, a 1979. Mutum uku za su ba da amsa uku, kowa da hujjarsa. Saboda haka ƙwararren mai tsara tambaya ba ya barin ta haka, sai ya ɗaure ta da muƙami ko da shekara, yadda babu wanda zai tashi daga kujera yana jin an zalunce shi. Haka abin yake ga hedikwatar Arewa a zamanin Turawa, domin an zauna a Lakwaja, an zauna a Zungeru, kafin a tare a Kaduna a 1917, kuma duk tambayar da ba ta ambaci lokaci ba ta bar ƙofar gardama a buɗe.

Akwai kuma tambayoyin da ke tsufa. Legas ce babban birnin ƙasa har zuwa 12 ga Disamba, 1991, lokacin da gwamnati ta koma Abuja. Jihohi 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, sai a 1996 suka cika 36. Taken ƙasa ma an sauya shi a watan Mayun 2024, aka koma tsohon da aka fara amfani da shi lokacin samun 'yanci. Ke nan tambayar da take daidai a ranar da aka rubuta ta tana iya zama kuskure a ranar da aka nuna shirin, shi ya sa ake buƙatar wani mutum daban ya sake bin kowace amsa, ya tabbatar da ita daga majiya fiye da ɗaya.

Wani abin da nake ganin ya kamata a riƙa faɗinsa a fili shi ne, abin da ake kira sanin yau da kullum ba ɗaya ba ne ga kowa. Ɗan Agege zai gaya maka ba tare da jinkiri ba cewa gadar Third Mainland an buɗe ta a 1990, kuma tsawonta ya kusa kilomita 12, domin ta kanta yake wucewa. Wanda ya tashi a Sakkwato kuma ba sai ya yi tunani ba kafin ya ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Tambayar da take ruwan sha ga wannan tana iya zama dutse ga wancan, ba don ɗaya ya fi ɗaya kaifin ƙwaƙwalwa ba. Idan dukan masu rubuta tambayoyi daga yanki ɗaya suka fito, makaranta iri ɗaya suka yi, to abin da suka taso da shi za su ɗauka a matsayin mai sauƙi, su jera shi a ƙasan tsani, su tura sanin wasu can sama. Shirin da ake kallo daga Badagiri har Maiduguri ya kamata ɗakin rubuta tambayoyinsa ya yi kama da ƙasar. Ga kuma batun harshe, domin Bahaushen da Turanci yake harshensa na biyu ko na uku yana yin aiki biyu a cikin daƙiƙoƙi kaɗan, fahimtar jimlar da kuma neman amsar, don haka tambaya mai murɗaɗɗen zance Turancinsa take aunawa, ba saninsa ba.

Duk wannan aiki ya dogara ne a kan sirri. A Amurka, cikin shekarun 1950, an gano cewa masu shirya wasu gasanni suna ba 'yan takarar da suke so amsoshi a ɓoye domin jan hankalin masu kallo. Charles Van Doren, wanda ya yi suna a shirin Twenty-One, ya amsa hakan a gaban kwamitin majalisar dokoki a 1959, kuma a 1960 aka yi dokar da ta haramta irin wannan maguɗi. A Ingila ma, a 2001, wani hafsan soja mai suna Charles Ingram ya kai ga fam miliyan ɗaya, amma aka hana shi kuɗin bayan an lura cewa wani yana yin tari a cikin ɗakin duk lokacin da aka ambaci amsar da take daidai, kuma kotu ta same su da laifi a 2003.

Yanzu bari mu gina tambaya guda tare, domin mu ga aikin da zaɓuɓɓuka uku na kuskure suke yi, waɗanda a ganina su ne rabin gwanintar. Tambayar ita ce: a wace shekara Najeriya ta daina tuƙi ta gefen hagu na hanya ta koma gefen dama? Da za a sa 1850 ko 2015 a cikin zaɓi, da an ba da amsar kyauta, domin kowa zai watsar da su. Amma a jera 1960, 1963, 1972 da 1973. Ta farko tana jan wanda yake tunanin an bar tsarin Turawan Ingila ne ranar samun 'yanci. Ta biyu tana jan wanda ya tuna shekarar zama jamhuriya. Ta ƙarshe ita ce tarko mafi kyau, domin a ranar 1 ga Janairun 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, kuma dattawa da yawa suna haɗa canjin kuɗi da canjin hannun tuƙi a ƙwaƙwalwarsu, tun da duka biyun a zamanin Janar Yakubu Gowon aka yi su, watanni tara kacal a tsakani. Ko da ɗan takara ya yi amfani da taimakon da shirin yake bayarwa, ya nemi a cire masa zaɓi biyu na kuskure, idan aka bar masa 1972 da 1973, sauƙin da ya samu kaɗan ne. Idan ya zaɓi taimakon kiran aboki ta waya, daƙiƙa 30 kawai gare shi, kuma a nan tsohon direban da ya yi lodi daga Kano zuwa Ikko a wancan lokaci zai fi masa amfani a kan mai digiri biyu. Amsar ita ce 1972, ranar 2 ga Afrilu, kuma dalilin canjin shi ne maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, wadda yanzu ake kira Benin, duk ta dama suke tuƙi, motocin da ke tsallaka iyaka kuma kullum sai sun sauya hannu.