Sharhi: Dandamalin gida a bakin teku, daga ƙusa ake farawa

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi wani ɓangare na gini da masu gidaje a gaɓar teku suke yawan kashe wa kuɗi sau biyu, wato dandamalin da ake shimfiɗawa a gaban gida ko bayansa domin zama da shan iska. Duk wanda ya tashi yin irin wannan dandamali, tambayarsa ta farko ita ce wane katako zai saya, alhali a bakin teku ba kasafai katakon da ƙafa ke takawa yake fara mutuwa ba. Abin da ke fara cin amana shi ne ƙusa da sukuru da ƙarafunan da suka riƙe ƙwarangwal ɗin daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Dalili kuwa shi ne gishiri. A kowace lita ta ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri, kuma duk lokacin da igiyar ruwa ta fashe a gaɓa, iska tana kwasar feshinta ta kai shi kan duk abin da ke kusa. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna. Da dare ya yi sai gishirin ya jawo laima daga iska, ƙarfe ya kwana a jiƙe ko da ba a yi ruwan sama ba. Abin mamaki ma shi ne, wurin da ruwan sama ke duka ya fi samun sauƙi domin yana wankuwa, amma ƙarƙashin dandamali, inda gishiri ke taruwa babu mai wanke shi, nan ne tsatsa take cin karenta babu babbaka.

Na taɓa tsayawa kusa da wani kafinta yana kwance wani dandamali da bai fi shekara bakwai ba. Daga sama allunan lafiya lau suke, in ban da wani baƙin zane da ya gangaro daga kan kowace ƙusa. Da ya zare sukuru guda ya miƙo mini, sai na ga kansa yana nan daram, amma wuyansa ya sirance kamar allura, har na iya karya shi da yatsu biyu. Mai gidan ya sayi katako mai tsada, sannan ya yi tsimi a kan abin da bai kai kashi kaɗan na kuɗin aikin ba.

Saboda haka zaɓi na farko shi ne na ƙarfe. Ƙusa mai siririn rufin tutiya ba ta da wurin zama a nan. Wadda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya ta fi ta ƙarko, amma ita ma kusa da ruwa kwananta ƙidayayye ne. Abin da masana suka fi amincewa da shi shi ne ƙarfen sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, kuma shi ma iri-iri ne. Akwai mai lamba 304 da aka fi samu, akwai kuma mai lamba 316 wanda aka sa wa kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na sinadarin molibdenom, kuma wannan ɗan ƙari shi ne yake ba shi juriyar gishiri. A Amurka, kundin ƙa'idojin gina gidajen zama da jihohi da dama ke bi ya wajabta amfani da sitenles a dandamalin da ke tsakanin ƙafa 300 daga gaɓar ruwan gishiri, wato wajen mita 90. A ganina wannan tazara ta yi kaɗan ga gidan da ke fuskantar iska kai tsaye, domin feshin gishiri bai san awon ƙafa ba.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi katakon da aka ɗura wa magani domin kare shi daga ruɓewa da gara, wanda da shi ake yin ƙwarangwal ɗin yawancin dandamali. A da ana amfani da magani mai ɗauke da asenik, amma daga ƙarshen shekarar 2003 aka daina sa shi a katakon gidajen zama a Amurka saboda lafiyar jama'a. Magungunan da suka maye gurbinsa sun fi yawan jan ƙarfe, shi kuwa jan ƙarfe idan ya haɗu da laima yana saurin cinye ƙusar da ke jikinsa, ya kuma cinye alminiyam idan suka jingina da juna. Ke nan wanda ya sa ƙusa maras inganci a irin wannan katako a bakin teku ya haɗa mata abokan gaba biyu, gishiri daga waje, jan ƙarfe daga ciki.

To, bari mu hau sama zuwa allunan da kansu. Katakai masu tauri na dazuzzukan ƙasashe masu zafi su ne suka daɗe suna riƙe da kambu. Akwai ipe na Kudancin Amurka, wanda nauyinsa ya kai ya nutse a ruwa, kuma taurinsa ya sa sai an fara huda shi kafin sukuru ya shiga. Akwai tik na kudu maso gabashin Asiya, wanda mansa na halitta ya sa aka shafe ƙarnoni ana shimfiɗa shi a jiragen ruwa. Irin waɗannan suna iya kai shekaru gommai, kuma idan ba a shafa musu mai ba sai su rikiɗe zuwa launin toka, wanda ba alamar lalacewa ba ce, aikin rana ne kawai. Sai dai akwai batun inda aka saro su. A taron CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, da aka yi a Panama a 2022 an sa ipe da wani katako mai tauri da ake kira kumaru cikin jerin itatuwan da cinikinsu tsakanin ƙasashe ke buƙatar izini, matakin da ya fara aiki a Nuwamban 2024. Mai saye yana da haƙƙin tambayar takardar da ke nuna asalin katakon, kuma dillalin da ya fara kame-kame a kan wannan tambaya ya riga ya ba da amsa.

Katakai masu laushi irin su fain mai magani sun fi araha, amma rana da gishiri suna sa su tsagewa da murɗewa da fitar da sartse, don haka suna neman wanki da shafe kusan kowace shekara. A tsakanin waɗannan biyu akwai katakon da aka sauya wa hali, ko dai ta hanyar gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 200 kamar yadda aka bunƙasa a Finland, ko ta hanyar sinadari kamar katakon Accoya da ake sarrafawa a ƙasar Holan. Dukansu ba sa shan ruwa sosai, don haka ba sa yawan kumbura, amma gasasshen ya fi saurin karyewa, shi ya sa ba a ɗora masa nauyin gini.

Yanzu kuma kasuwa ta karkata ga allunan haɗi, waɗanda ake yi da garin katako da roba, kuma sababbinsu suna zuwa da ɓawon roba da ya lulluɓe su. Ba sa ruɓewa kamar itace, ba sa sartse, ba sa neman fenti, kuma waɗannan fa'idoji ne na gaske a wurin da laima ba ta yankewa. Amma masu talla sukan ce ba sa buƙatar kulawa sam, kuma wannan magana akwai gyara a cikinta. Gansakuka tana fitowa a kansu a wurin inuwa ta sa santsi. Masu duhun launi suna ɗaukar zafi da tsakar rana har yaro ba zai iya takawa babu takalmi ba, kuma gidan bakin teku wuri ne da ƙafa ke yawo tsirara. Haka nan suna miƙewa da zafi su takure da sanyi ta tsawonsu, saboda haka idan kafinta ya manne bakunansu babu tazara, za a wayi gari sun yi doro. Allunan roba zalla, da ake kira PVC, ba su da garin katako ko kaɗan, don haka sun fi dacewa da wurin da feshi ke kaiwa kullum, ko da yake sun fi motsi da sauyin zafi. Alminiyam mai rufin fenti shi ma yana yi, matuƙar ba a bari rufin ya karce ba.

Ko wanne aka zaɓa, yadda aka kafa shi ne zai yanke hukunci. A bar tazarar milimita 5 zuwa 6 tsakanin alluna domin ruwa da yashi su zube, a bar iska ta ratsa ta ƙasa, a shafe bakin duk katakon da aka yanka domin ta nan yake shan ruwa, sannan a kula da mahaɗar dandamali da bangon gida, inda ruwa ke son maƙalewa. A watan Yunin 2015, wata baranda ta rufta a birnin Berkeley na jihar Kalifoniya, matasa shida suka rasa rayukansu, kuma bincike ya nuna cewa ruwa ne ya shiga katakan da ke ɗauke da ita suka ruɓe daga ciki.

Ga gidan da guguwa ke iya kaiwa kuwa, dole a ɗaure dandamali da ƙarafuna tun daga allo har zuwa tushen ginshiƙi, domin iska mai ƙarfi daga ƙasa take ɗaga shi kamar faifai. Bayan guguwar Sandy ta Oktoban 2012 ta tarwatsa doguwar hanyar katako ta gaɓar Rockaway a birnin New York, da kankare hukumomi suka sake gina ta. Mai gida guda ba lallai ya kai ga haka ba, amma yana iya wanke dandamalinsa da ruwa maras gishiri lokaci zuwa lokaci, sama da ƙasa, kuma sau ɗaya a shekara ya sunkuya da tocila da sukurdireba ya caccaki katakan ƙasa. Inda ƙarfen ya nutse cikin sauƙi, katakon ya ruɓe, kuma ranar ce ya kamata a kira kafinta.