Fim ɗin cin amanar aure: ku riƙe agogo ku ƙirga mintunan

(Lacca ce da aka gabatar a Damagaram ga matasa masu wasan kwaikwayo da masu kallo, aka rubuto ta daga faifan murya.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, 'yan wasa, samari da 'yan mata, ina gaishe ku.

Labarin da za mu tattauna duk kun san shi, don an yi shi an sake yi. Magidanci ne da matarsa da 'ya'ya biyu ko uku. Sai wata ta shigo, sau da yawa aminiyar matar ce ko ƙanwar ƙawarta. Aka karɓi lamba, aka fara hira da dare, aka fara haɗuwa. A kashi na ƙarshe asiri ya tonu, wani ya haukace ko ya mutu, aka rubuta "Alhamdulillah" a allo. Ra'ayin jama'a ya rabu biyu. A fada, wajen shan shayi, samari na cewa ai abin da ke faruwa ne a gari aka nuna, faɗakarwa ce. A gidan suna kuma iyaye mata na cewa ana koya wa yara lalata. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Amma gardamar ba ta ƙarewa saboda ana yin ta a kan ko ya dace a taɓa zancen, alhali inda matsalar take shi ne yadda aka raba lokacin fim ɗin.

Taɓa zancen ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Oumarou Ganda, mai shirya fim ɗan Nijar, wanda ya fara lashe babbar kyautar bikin fina-finan FESPACO a Wagadugu a 1972, da labarin rikicin gidan aure ya ci ta: alhaji ya ƙara aure, kishi ya kai ga kisa, kuma wadda aka kashe ba ita aka nufa ba. Nan Damagaram ma su Yazi Dogo sun yi shekaru suna wasa a kan zaman iyali, dattawa na saurare suna dariya suna gyara zama. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama a Kano daga 1990, ya ɗauko rawa da waƙa da soyayyar mutum uku daga fina-finan Indiya, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya sha rubutawa. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Hukumar na iya hana taɓa jiki da shigar banza, amma yau fim ta YouTube yake zuwa, ko a tura maka shi cikin salula a bakin Kasuwar Dole, kuma ɓarnar da nake magana a kai ba ta buƙatar a taɓa ko yatsa.

To ga aikin da nake so kowa ya yi. Ka ɗauki fim mai dogon zango na irin wannan labarin, ka samu takarda ka ja layi a tsakiya. Hagu ka rubuta mintunan da aka nuna daɗin cin amana: hirar salula, kyauta, yawo a mota, waƙa. Dama ka rubuta mintunan da aka nuna sakamakon cin amanar: abin da ya sami matar gida, yara, iyaye, sana'a, lafiya. Masu rubutun fim sun san shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo, don haka ko kafin a fita lokeshin ana iya wannan lissafi. Waƙa guda tana cin minti huɗu ko biyar. In aka sa waƙa uku tsakanin mijin da farkarsa, an ba haram rubu'in awa na mafi kyawun kaya, mafi kyawun haske, mafi daɗin murya. Sakamakon kuwa sai a dunƙule shi a fitowa biyu ta ƙarshe. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya kalla, waƙar zai riƙa rerawa a hanyar lakwal. Fitowar asibitin ba zai tuna ta ba.

Dalilin wannan karkata kuɗi ne, ba lalle mugun nufi ba. Wanda ke ɗora fim a intanet yana samun kuɗi gwargwadon yawan kallo, saboda haka dole kowane kashi ya ƙare da abin da zai jawo mai kallo mako mai zuwa. Abu mafi sauƙi shi ne "saura kaɗan a kama su". Matar ta ɗauki salular sai aka kira ta waje. Ta shigo ɗakin, farkar ta ɓuya bayan labule. Ku lura da abin da wannan ke yi wa zuciyar mai kallo: gabansa na faɗuwa don kada a kama su. Ya koma ɓangaren masu cin amana bai sani ba. Wannan ita ce illa mafi girma, kuma babu hukumar tacewa da ke da almakashin yanke ta.

Kyamara ma tana da ɓangare. Ku duba yadda ake nuna matar gida: zanen jiya, ɗankwali a karkace, tana cikin hayaƙin madafa, bakinta bai rabuwa da mita, an ɗauke ta daga nesa. Ta waje kuwa an matso da kyamara har ana ganin kwallin idonta, an sa mata kiɗa mai taushi. Darakta bai ce komai ba, amma ya riga ya yanke hukunci cewa matar ce ta kori mijinta. Daga nan ne kuke jin ana cewa "ai da ta gyara kanta da bai fita ba". Wannan magana zalunci ce. Mace na iya yin sakaci, a yi fim a kan sakacinta daban. Amma wanda ya ci amana shi ya tashi da ƙafarsa, kuma shari'a ta ba shi hanyoyin halal in zaman ya ƙi: nasiha, sulhu, ƙarin aure in zai yi adalci, ko rabuwa da kyautatawa. Haka nan ɗora abin a kan boka. Da zarar an nuna farkar ta binne laya, an wanke mijin tas, ya zama marar lafiya da ake tausaya wa. Marubuci ya huta da wahalar nuna yadda mutum mai hankalinsa yake zaɓar ƙarya yau, ya ƙara wata gobe.

Sai ma'auni biyu. In namiji ne ya ci amana, labarin yakan ƙare da ya auri farkar ta zama amarya, uwargida ta yi haƙuri. In mace ce, sai hauka, ko bara, ko mutuwa. Aya ta 2 a Suratun Nur ta ambaci mazinaciya da mazinaci tare, hukunci ɗaya. Kuma akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa ba ya cikinmu wanda ya ɓata mace ga mijinta. Fim ɗin da ya ƙare da ɗaurin auren wanda ya kashe auren wani, ana guɗa ana rabon goro, ya ba da lada inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi barranta.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da ke biyo bayan tonuwar asiri, don nan ne ake tafka kurakuran da mutane ke kwaikwaya a gidajensu.

Miji ya ga saƙo a salular matarsa, ya daka tsawa: na sake ki saki uku, fice min daga gida. Ta ɗauki akwati cikin dare. Bayan kashi biyu ya gane ƙarya aka yi mata, ya je biko, ta dawo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wadda ke cikin Risala da ake karantawa a zaurukan Birni, saki uku a kalma ɗaya bidi'a ne, amma ya auku. Ba ta halatta gare shi sai ta yi wani aure na gaskiya, kuma auren kisan wuta ba ya halatta ta. Korar ta cikin dare kuwa ta saɓa wa ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ, wadda ta ce kada a fitar da su daga gidajensu. Idda tsarki uku ce, mai ciki kuma sai ta haihu. Neman aurenta a fili cikin idda haramun ne, amma sai ka ga tsohon saurayi ya yi sallama washegarin saki da ledar tsaraba, fim ɗin na nuna shi a matsayin mai ceto.

Zargi ma haka. Saƙon salula ko ganin mace a bayan kabu-kabun wani ba hujjar zina ba ce. Aya ta 4 a Suratun Nur ta nemi shaidu huɗu, wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba bulala tamanin. In miji ne ya ce ya gani da idonsa, ko yana kore ciki, hanyarsa li'ani ce a gaban alƙali: ya rantse sau huɗu, na biyar ya kira wa kansa la'anar Allah in ƙarya yake, ita ma ta rantse sau huɗu, na biyar ta kira fushin Allah a kanta in gaskiya ya faɗa. Daga nan sun rabu har abada, ɗan kuma ya bi uwarsa. In ba a yi haka ba, ɗa na mai shimfiɗa ne, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Ku gaya min, 'yan wasa, akwai fitowar da ta fi wannan girgiza zuciya? Mata da miji a tsaye, iyaye na zaune, an zo rantsuwa ta biyar, murya na rawa. Amma an bar ta, an koma ga mari da jifa da akwati. Sannan a nuna an ɗauki hoton wanda aka kama an watsa a WhatsApp kamar jarunta. A Nijar akwai dokar laifukan intanet tun 2019, ɓata suna ta wannan hanya na iya kai mutum gaban kotu, ban da zunubin tona asiri da 'ya'yan da za su girma su tarar da hoton uwarsu.

Cuta kuma. A fim mutum ya yi zina yau, mako mai zuwa yana tari ya rame, likita ya girgiza kai. Ƙwayar sida, wato ƙanjamau, na iya zama a jiki shekaru ba alama, kuma a wannan tsakanin ne ake kai ta ga matar gida da jaririn da ke ciki. Gwajin gaggawa na iya kasa ganin ta a makonnin farko, shi ya sa ake cewa a sake shi bayan wata uku. Wanda ya san ya shiga haɗari, akwai maganin kariya da ake farawa kafin awa 72 su cika, a sha kwana 28. Mai ɗauke da ita da ke shan magani kullum yana rayuwa yana aiki, mai ciki kuma na iya haihuwar ɗa lafiyayye. Ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa, in ba a yi magani ba, yana iya toshe hanyar ƙwan mace, a wayi gari ana zagin ta da rashin haihuwa alhali mijin ne ya kawo. Fim ɗin da ya nuna cutar a matsayin hukuncin mutuwa nan take yana hana mutane zuwa gwaji.

Me marubuci zai yi? In zangon kashi goma sha uku ne, ka tona asirin a kashi na biyar ko na shida, ka bar sauran ga abin da ya biyo baya. Kada ka ji tsoron masu kallo za su gudu, abin jan hankali ya koma "yaya gidan nan zai kasance". Ka nuna ɓarnar tun tana ƙarama, da abin da ido ke gani. Matar ta buɗe buhun gero, ta zura tiya, ta ji ta taɓa ƙasa tun wata bai raba ba. Ta dubi jikka ɗaya da ya ajiye mata a kan tabarma, inda da yake ajiye biyu. Yaron ya dawo daga lakwal da hantsi, an koro shi kan kuɗi, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ubansa yana murmushi ga salula, ya kife ta da ya ga yaron. Babu kiɗa, babu kuka. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da haka ta faru zai gane, wanda ke kan hanyar yi kuma zai ga kansa.

Ka ba matar gida fuska. A matso mata da kyamara lokacin da ta gane, a bar ta ta yi tunani, ta je wurin wa, ta ce me. Ka sa waliyyai su yi aikinsu: aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Kawun da zai zauna ya ce "ɗana, ka ci amanar 'yar mutane, ba za mu rufe maka ba" ya fi malamin da ake kawowa a minti na ƙarshe ya yi wa'azi ga kyamara. Ita ma ta wajen mutum ce. Me ya kai ta? Talauci, ko zawarcin da ya daɗe, ko alkawarin aure da aka yi mata na ƙarya? A nuna, ba don a wanke ta ba, don budurwar da ke kallo ta ga inda ramin yake. Waƙar soyayya kuwa, in dole sai an yi, a ba ma'aurata ita.

Wata baiwar Allah ta turo tambaya a takarda: shin ta hana 'ya'yanta kallo gaba ɗaya? Hajiya, ƙananan da ba su kai balaga ba, wannan labarin ba nasu ba ne, ki hana, kuma ki duba abin da ake tura musu a salula. Manyan kuwa in kin hana a gida za su gani a wajen ƙawaye. Ki zauna ki kalli kashi ɗaya tare da su, in ya ƙare ki tambaye su wa suka ji tsoron kada a kama, kuma me yaran gidan suka ci a daren. Kafin rubutun ya je lokeshin kuma, ku 'yan wasa, ku kai shi wurin malamin fiƙihu ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya su karanta fitowar saki da ta asibiti. Aikin yini guda ne. Mai tambaya ta gaba, bismillah.