Kwana uku ina bin mawaƙan yara a Garwa, ga abin da ya samu muryata

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da wannan muryar, ba mura ba ce, 'yan firamare ne suka yi min haka. Bari in jingine wayar nan in ba ku labari.

Kun san wata na bakwai ke nan a Garwa ta Kamaru ina sayar da kayan waya. A gidan da nake haya a unguwar Yelwa, ɗakin da ke jikin nawa na wani dattijo ne. Kullum bayan la'asar sai fiyano, baiti ɗaya tak, ya yi ta nanata shi har sau ashirin. Har ƙorafi na taɓa kai wa mai gida. Ashe sana'arsa ce, shi da wasu mutum uku: waƙar yara. Ba sa zuwa biki, ba sa zuwa taron siyasa. Makarantu, ranar rabon sakamako, sai shagalin ranar haihuwa a gidajen masu hali. Da ya gaya min sai da na danne dariya. Na ce, "Baba, duk furfurar nan, a ce yara ne iyayen gidanka?" Murmushi kawai ya yi, ya ce in ina da sarari in zo ranar Laraba in riƙe musu lasifika.

Makon nan shi ne kakarsu, domin 11 ga Fabrairu ranar matasa ce a Kamaru, kowace makaranta tana shirin fareti da wasanni. Af, ranar nan ma tana da alaƙa da mu. A 11 ga Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Kudancin Kamaru na Turawan Ingila ya zaɓi haɗewa da Kamaru, Arewaci ya zaɓi Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Garinmu Mubi yana ciki. Da kakanninmu sun jefa ƙuri'a a ɗaya akwatin, da yau ba wanda zai tsare ni a hanya yana tambayar takarduna. To, Allah bai yi ba.

Mu koma kan mutanena. Baba ne mai fiyano. Sai wata mata da ta taɓa koyarwa a ajin ƙananan yara, ita ke ja musu baki, yara suna ce mata Tata. Sai makaɗin kalangu, Bahaushe haifaffen nan, Fillanci a bakinsa kamar ruwa. Na huɗu wani saurayi ne ɗan ƙabilar Tupuri, aikinsa sa rigar zaki. Zaki, don a ƙasar nan komai zaki ne saboda ƙungiyar ƙwallonsu da ake wa laƙabi da Zakuna. Tun kan mashin ya fara min tsiya da ya ji ni ɗan Najeriya ne, wai a filin Roumdé Adjia ɗin nan Tunisiya ta kora mu gida daga gasar kofin Afirka da ci ɗaya a Janairun 2022. Na ce masa ai wasa uku muka ci a jere a filin kafin nan. Ya ce ukun ba su hana mu tattara kaya ba. Na yi shiru.

Mashin uku muka ɗauka, sefa ɗari uku-uku, ni a tsakiya da lasifika a cinya kamar jariri. Muka isa makarantar, yara sun cika tsakar gida, ƙura ta turnuƙe. Baba ya jona waya, aka yi baiti biyu, ɗif, aka ɗauke wuta. Ni dai na ce shi ke nan, an yi abin kunya, don hayaniyar da ta tashi ko kasuwar shanu albarka. Mai kalangu ko kallon kowa bai yi ba, ya matse kalangu a hammata ya ɗora daidai inda fiyano ya tsaya. Ita kuwa Tata, maimakon ta ɗaga murya, sai ta durƙusa ta koma raɗa. Raɗa fa! Na gaba suka yi tsit don su ji abin da take cewa, na baya suka ga na gaba sun yi tsit, su ma suka bi. Kafin ka ce kwabo fili ya yi shiru, sannan ta ja baiti da Faransanci, suka amsa, ta juya shi Fillanci, ta juya shi Hausa. Tsigar jikina ta tashi. Na tuna Gwaggo a Mubi, daren farin wata, 'yan mata na gaɗa a ƙofar gida mu muna langa a gefe. Wallahi sai da na juya baya na goge ido, na ce ƙura ce.

Wani ɗan ƙaramin yaro ya ga zaki ya tsala ihu. Saurayin nan bai matsa kusa ba. Zama ya yi a ƙasa, ya cire kan zakin ya ajiye, ga fuskarsa sharkaf da gumi kamar an tsamo shi a Binuwai, ya miƙa wa yaron wutsiya. Har aka tashi yaron nan yana riƙe da wutsiyar.

Daga baya na tambayi Baba dalilin nanata baiti ɗaya da yake damuna da shi. Ya ce, "Ɗana, muryar ƙaramin yaro ba ta da faɗi. In ka sa waƙa ta yi sama da yawa ko ta yi ƙasa, ba zai ce maka ya kasa ba, hancinsa zai fara haƙa ya manta da kai." Shi ya sa yake hawa da sauka har ya samu inda ɗan shekara biyar zai iya amshi. Babba in waƙarka ba ta yi masa ba zai tafa maka don kara. Yaro ba ruwansa da kara.

Abin da ya ɓata min rai a rana ta biyu ya faru. Wani mai makaranta, ba zan faɗi ko wace ba, an yi da shi sefa dubu arba'in, aka gama aiki ya miƙo dubu ashirin da biyar, wai ragowar sai iyaye sun biya kuɗin zango. Na fara tada jijiyar wuya, mai kalangu ya taka min ƙafa. Muka koma gindin wata dalbejiya, aka sayo folere, zoɓo ke nan, ɗari-ɗari. Baba ya zube kuɗin a kan jakar fiyano. Aka fara cire na mashin. Aka cire na mai, don janareton da muka zo da shi a ranar nan na aro ne, kuma daga wa? Daga wata ƙungiyar da suke neman aiki a makarantu ɗaya! Aka cire na adashe. Sannan aka raba saura kashi biyar. Na ɗauka na biyar ɗin nawa ne, har na fara "haba, ku bar shi". Suka fashe da dariya. Ashe na wani mawaƙin ɗaya ƙungiyar ne da muryarsa ta dushe sati biyu yana kwance. Haka suke yi, in naka ya kwanta mu ɗauke shi, in namu ya kwanta ku ɗauka. Mai makarantar kuwa, kafin mu shanye folere sunansa ya zagaye zaurensu na WhatsApp. Baɗi sai dai ya kunna musu rediyo.

Ni a kasuwar waya, maƙwabcin shagona ko caja ba ya ara min.

Muryar kuma, laifina ne. Rana ta uku na ce wa Tata, "Anti, bari in nuna musu irin namu na gida." Na koya musu wani wasan tafi da muke yi muna yara. Ba yabon kai ba, ya karɓu, har malamai suka shigo. Sai dai sau goma sha ɗaya suka sa na maimaita, kuma da maƙogwaro nake ihu, su kuwa gwanayen daga ciki suke fitar da murya.

Saboda haka in ka zo irin wannan aikin, ka ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Kada ka miƙa wa yaro makirfo da sunan zai dawo da shi. Ka karɓi rabin kuɗinka kafin ka sauke kaya. Kada ka kwankwaɗi folere mai ƙanƙara bayan ka gama ihu cikin hazon nan, abin da ya ƙarasa ni ke nan. In kuma aka ce ka gwada rigar zaki, ka ce kana azumi.

Kun ji? Ga shi can ya fara, ta jikin bango. Sabon baiti ne wannan, na Asabar, za mu garin Pitowa. Wai ni zan riƙe janareto a kan mashin. Bari in je in nemo citta da zuma.