Darasi: Kai yara Yamai a hutun lakwal

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da hantsi. Iyaye mata, ku matso kusa da rediyo, yau zancen naku ne, amma maigida ma ya kasa kunne tunda aljihunsa za a taɓa. Hutun lakwal ya zo, da yawanku za ku kwashi yara daga nan Tawa zuwa Yamai a yi wata guda wajen dangi. To yaya za a nuna wa yaro birni ba a dawo da shi a galabaice ba?

Mu fara da hanya. Wajen kilomita 550 ne, ta Tsarnawa, Konni, Dogon Dutsi, Doso. Wuni ne cur cikin mota. Ki riƙe ruwa, dabino, zane na goyo, da leda saboda mai amai. Bayan Doso, in kun kusa Kure, kamar kilomita 60 kafin Yamai, ki tada mai barci ya leƙa taga, don da damina raƙuman dawa kan kusanto titi. In an dace, kallo ne na kyauta.

Kun sauka lafiya. Kwana biyun farko kada a je ko'ina, a gaisa da dangi, a huce gajiya. Daga nan, wuri ɗaya tak a rana, kuma da safe, a dawo gida kafin azahar. Ƙafar autanki ita ce ma'auni, ba taki ba. Ni na taɓa yin gangancin haɗa wuri uku rana guda da yara uku. Da la'asar ina goye da ɗaya, ina jan ɗaya, babban yana kukan takalmi ya ci masa ƙafa, kuma har yau ba abin da suke tunawa sai ƙishirwa.

Wurin farko, gidan tarihi na Bubu Hama, wanda mutanen gari ke ce wa Mize. Tun 1959 yake nan. Yara za su ruga wajen zaki, kura da dorina, ki bar su su ƙoshi da kallo, amma hannu kada ya shiga keji. Sannan ki kai su wajen ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe shekaru miliyoyi, waɗanda aka tono a hamadar Agadas. Akwai wani kada daga Gadufawa, tsawonsa wajen mita 10. Ki sa yaro ya auna shi da takunsa yana ƙirgawa, wannan ya fi masa kowane bayani. Akwai kuma itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai tsakiyar hamada har wata babbar mota ta buge shi a 1973. Babba zai ga busasshen icce ne kawai, amma ki ba yaro labarin, za ki sha tambaya: Inna, duk faɗin hamada direban bai ga hanya ba? Maƙera da dukawa ma suna aiki a ciki. Ni a ganina Mize ya cancanci zuwa biyu.

Wata rana kuma kogi. Yaron da bai san ruwa ba sai tabkin damina, ki tsallaka da shi gadar Kenedi, ta 1970, zuwa Harobanda, ki ga yadda zai yi tsit. Kwalekwale dai a haƙura, ruwa na cika a watan Agusta da Satumba.

Babbar kasuwa da kasuwar Katako, ƙanana su zauna gida. In ya zama dole, ki rubuta lambar wayarki da sunan unguwa a takarda ki sa masa a aljihu, kuma ya haddace sunan mai gidan da kuka sauka. Ki koya masa fofo, gaisuwar Zabarmawa ce, godiya ce kuma. Taksi a Yamai na haɗaka ne, kina faɗin inda za ki, in ba hanyarsa ba ce ya wuce. Da yara huɗu gara ki yi ciniki ki ɗauki motar gaba ɗaya, a gama magana kafin a shiga.

Sauron bakin kogi ba ya wasa, ki taho da sangenki daga gida, kada ki dogara da na masauki. In sauyin ruwa ya kawo zawo, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Zazzaɓi kuwa, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Ga mai kula da na'ura yana nuna min agogo. Kilishin tsaraba a bari sai ana gobe komowa, in ba haka ba yara za su cinye shi tun a Yamai. Sai mako mai zuwa, a gaida mutan gida.