Lacca: Idan Fursuna Ya Zama Malamin Fursuna

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abubuwa uku zan taɓo game da ƙungiyoyin da fursunoni ke tafiyarwa da kansu a gidan yari: karatu, sauraron juna, da shirin komawa gida.

Mu fara da karatu. A tsibirin Robben na Afirka ta Kudu Nelson Mandela ya yi shekara 18, daga 1964 zuwa 1982. Da safe a kora shi da sauran fursunoni wurin haƙar farar ƙasa, rana tana dukansu, amma a nan wurin haƙar suke taruwa rukuni-rukuni ana ɗaukar darasi. Ɗaya daga cikinsu, Walter Sisulu, yana koyar da tarihin jam'iyyar ANC, wanda ya iya karatu ya ja wanda bai iya ba. Ahmed Kathrada yana tsare ya yi digiri ta hanyar wasiƙa. Su da bakinsu suke kiran wurin jami'a.

To me ya sa fursuna ya fi karɓar karatu daga ɗan'uwansa fursuna? Kunya, jama'a, kunya! Magidanci ne da furfurarsa, wasiƙar matarsa ta zo, ya juya ta gaba ya juya ta baya, bai san abin da ke ciki ba. Wannan mutumin ba zai je gaban gandiroba ya ce ban iya karatu ba. Ko kusa. Amma wanda suke kwana ɗaki ɗaya, wanda ya ga hawayensa da dare, shi zai iya gaya wa. A Birtaniya ƙungiyar Shannon Trust, da aka kafa a 1997, a kan wannan ta ginu: fursuna ɗaya ya zauna da fursuna ɗaya, kamar minti 20 a rana, har baki ya buɗe. Kuma ɗalibin nan ba shi da damar cewa mota ce ta makarar da shi! (Dariya.)

Na biyu... a'a, ku dakata, ban gama ba. Malamin fa? Shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mutumin da aka yanke wa ɗaurin rai da rai, kullum da lamba ake kiransa, yau ga wani yana jiransa da littafi yana ce masa malam. Wani yana jiransa! Dole ya tashi da wuri, ya danne fushinsa, don idan ya yi faɗa aka kulle shi, ɗalibinsa ne zai yi asara. Wannan gyaran hali ne da bulala ba ta iya yinsa.

Lokaci yana gudu. Na biyu, sauraron juna. A kurkukun Swansea da ke Birtaniya, a 1991, bayan wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe kansa a can, ƙungiyar Samaritans, mai sauraron mutanen da ke cikin damuwa, ta fara horar da fursunoni su riƙa sauraron waɗanda baƙin ciki ya yi wa yawa. Na uku, shirin komawa gida. Binciken cibiyar RAND ta Amurka a 2013 ya nuna waɗanda suka yi karatu a tsare, yiwuwar su sake komawa kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin 100.

Hajiya, na ga hannunki. Tana tambaya, shin 'yan daba ba za su ƙwace ƙungiyar su riƙa cin zalin raunana ba? Suna iyawa, Hajiya, kuma duk inda hukuma ta sakar wa masu ƙarfi ragama don ta huta, abin da ke faruwa ke nan. Shi ya sa ake tantance masu sauraron nan, a horar da su, mutanen waje su riƙa zuwa suna zama da su. A Brazil, gidajen yari na ƙungiyar APAC da Mário Ottoboni ya assasa a 1972 har makullai suke danƙa wa fursunoni, amma sai mutum ya amince da ƙa'idar aiki da karatu, wanda ya karya kuma a mayar da shi kurkukun da ya fito. Malam na gefen taga, kai ma da tambaya? Bismillah.